Kamu Ɗaya na Bango

A shekarar da Don Zelik ya cika saba'in da tara, taga huɗu ya rufe da hannunsa. Ba wanda ya tilasta shi. Kiransa aka yi, ya ɗauki bokiti da buroshi ya je, don shi kaɗai ne mai fenti da ya rage a Kolonia, kuma mai fenti ba ya zaɓen bango.

Taga muke ce mata, amma ba ta buɗewa. In ka shiga gidan Bayahude a ƙauyenmu na Entre Ríos, a bangon da ke kallon ƙofa za ka ga an bar wani wuri, kamu ɗaya tsawo, kamu ɗaya faɗi, ba fenti, ba farar ƙasa, yaɓe ne tsirara. Tsofaffi suna ce mata zeher lehurban, wato tuna rushewar Haikalin Urushalima. Ɗakin Allah yana kwance a ƙasa, kai wane ne da za ka gama naka gidan tsaf? Sai ranar da Mashiyah, mai ceton da ake jira, ya zo, sannan a rufe.

Uban Zelik ma mai fenti ne, amma shi barin wurin kawai yake yi ya wuce. Zelik ne ya ƙaro nasa. In ya gama aikin gida, sai ya zauna da ƙananan buroshi ya kewaye tagar da zane: ganuwar Urushalima, reshen inabi, kurciya, zaki biyu suna riƙe da gefe da gefe. Ba ya karɓar ko sisi a kan wannan. Ba ya magana in yana yi. Matarsa Bluma takan ce a majami'a bakinsa ne kawai yake motsi, addu'arsa ta gaskiya a kan tsani yake yin ta.

Bai taɓa taka Urushalima ba. Shi ya sa tasa Urushaliman take da itatuwan turare irin na bakin titin tasharmu, a bayan ganuwa kuma ga injin iska mai jan ruwa. Motl mahauci, abokinsa tun suna yawo ba takalmi, bai taɓa barinsa ya huta ba.

"Zelik, tsakaninka da Allah, wannan zaki ne ko karen da ruwan sama ya daka?"

"Ka taɓa ganin zaki, mai warin hanji?"

"To injin iska fa? A Urushalima?"

"Su ba sa shan ruwa? Je ka duba. In babu, ka dawo in goge."

Shekara hamsin da wani abu suna wannan. A cikin shekarun nan garin ya yi ta zubewa a hankali. Yara suka tafi Rosario, suka tafi Buenos Aires, wasu suka tafi Isra'ila ɗin da kanta, suka aiko da hotuna, ba injin iska ko ɗaya. Manoman waken soya suka sayi gonaki, sannan suka sayi gidaje. Mutanen kirki ne, ba su da laifi. Mutum ya sayi gida da guminsa, ya shigo falo ya ga zaki biyu masu kama da kare suna gadin ɗanyen yaɓe, me kake so ya yi? Sai ya ɗaga waya.

"Don Zelik, akwai wani wuri a bango da ba a ƙarasa ba."

"Na san wurin," in ji shi. "Ina zuwa."

Yakan fara da zakunan, don su ne suka fi ba shi haushi. Shafi uku suke ci kafin su daina leƙowa. Tagar kuwa shafi ɗaya ya ishe ta. In ya dawo gida ba ya cin abinci, sai ya sha mate, shayin ganyen ƙasarmu, ya zauna gaban tasa tagar, wadda ubansa ya bari, yana tausa gwiwa.

'Yarsa ɗaya ce, Noemí. Tana da goma sha takwas ta tafi Rosario karatun haɗa magunguna, kuma ba da daɗin rai aka rabu ba. A bakin ƙofa ta ce masa ta gaji da gidan da kullum ake jiran wani a cikinsa. Daga baya ta auri Osvaldo, malamin makaranta, wanda ba Bayahude ba. Zelik ya je bikin, ya zauna a baya, bai cire hularsa ba, bai kuma yi rawa ba. Tun daga nan magana tsakaninsu ba ta wuce lafiya lau da ya jiki. Bluma ce mai ɗinke su. Da Bluma ta rasu, sai wayar Juma'a da rana kawai ta rage, minti huɗu.

Ran nan ya zame daga mataki na uku na tsani. Ba karaya, amma ya yi sa'a biyu a ƙasa kafin wani ya leƙo. Da Noemí ta ji, wayar ba ta tsaya minti huɗu ba.

"Baba, ya isa haka. Ka tattaro ka dawo nan. Ɗakin yara ba kowa, duk sun tafi."

"Lafiyata ƙalau."

"Lafiyarka ƙalau a ƙasa kamar buhun dankali? So kake a kira ni a ce an tsinci gawarka da buroshi a hannu?"

"Da ya fi a tsince ta a gaban talabijin."

Ba dogon benen da suke zaune a ciki ne yake tsoro ba, ba kuma Osvaldo ba. Abin da bai iya faɗa mata ba shi ne, ba ya so ya ƙare kwanakinsa a gidan da zai duba gabas, ya duba yamma, bai ga ko tsinke nasa ba. Ya cika bangon mutane da addu'a shekara da shekaru, an sa shi ya goge. In 'yar cikinsa ma ba ta ɗauki komai ba, to gara ya zauna gaban tagar ubansa har a zo a ɗauke shi. Amma ta matsa, ta yi kuka, ta yi faɗa. Suka tsaya a kan mako ɗaya na gwaji.

Motl ne ya kai shi tasha a tsohuwar motarsa.

"In ka zauna can, saura mu shida a majami'a ran Asabar."

"Da ni ma ai ba mu kai goman da ake bukata a yi addu'ar jam'i ba."

"Ina ruwana da goma? Wa zan zaga?"

"Ka kula mini da kajina. Mako ɗaya ne."

Sa'a biyar a bas, gwiwarsa tana zugi. Osvaldo ya tarye shi da fara'a, ya ƙwace jakar, yana ta Don Zelik kaza, Don Zelik kaza. Rabon Zelik da Rosario tun suna tsohon gidansu na haya, wannan sabon bai taɓa shigarsa ba. Hawa na shida. Noemí ta buɗe ƙofa, ta rungume shi da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da ludayi.

Ta saman kafaɗarta ya gani.

A bangon da ke kallon ƙofa, tsakanin agogo da hoton jikokinsa, ga wuri nan ba fenti. Yaɓe tsirara, mai kusurwa huɗu, a tsakiyar farin bango sumul.

Ya tsaya cak a bakin ƙofa, ya ƙura wa bangon ido. Noemí ta ce gajiyar mota ce, ta zaunar da shi, ta koma kicin. Osvaldo ya shige da jaka. Da ya ga ba kowa, ya lallaɓa ya dafa hannu a wurin, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Faɗin ya ɗan wuce kamu, tsawon ya ɗan gaza. Gefen ma ba a miƙe yake ba. To, ita ba mai fenti ba ce. Wa ya koya mata? Ba kowa. Da ido ta ɗauka, tun tana rarrafe.

Bai ce mata komai ba. Ya san 'yarsa: in ka yabe ta a kan abu, gobe ta fasa. Ya ɗauka ita ma shi ya sa ta yi shiru, tana jira ya gani da kansa. Ya ci knishe uku a ranar, gasasshen burodin nan mai cikin dankali irin na uwarta, har ya ce gishiri ya yi daidai. Noemí ta kalli mijinta, don ba ta taɓa jin haka daga bakinsa ba.

Kwana uku mutumin nan kamar an sauya shi. Ya bar Osvaldo ya kai shi bakin kogi, ya saurari bayanin ƙwallo har ƙarshe. In an fita aiki, sai ya ja kujera gaban wurin ya yi addu'arsa ta safe a nan. Ya sauka shagon ƙasa ya sayo ƙananan buroshi biyu da fenti shuɗi da ruwan ƙwai, ya ɓoye a cikin takalmi. Yana tunanin wannan karon ba zai sa zaki ba. Kurciya ta isa, da inabi. Ran Juma'a ya kira Motl.

"Ka cinye kajin."

"Me?"

"Ko ka sayar. Motl, ta bar taga."

"Wa? Noemí? Noemí ɗin da ta ce mana duk mahaukata ne?"

"Da hannuna na auna."

Motl ya sauke murya, abin da bai saba ba. Ya ce, "To, tsohon banza. Ka ci nasara. Allah ya sa zakunanka su yi kama da zaki ko sau ɗaya."

Ran Lahadi da rana suna kan tebur, Osvaldo ya gasa nama. Zelik ya shirya maganarsa tun safe: zai ce ya yarda, zai zauna, a aika a kwaso kayansa. Ya goge baki, ya gyara murya. Osvaldo ya riga shi.

"Don Zelik, ina jin kunya wallahi, ga gwani a gida ga wannan abin kunyar a bango." Ya nuna da cokali mai yatsa. "Bututun ruwan maƙwabta ne ya fashe. Mai gyaran famfo ya fasa mana bango, ya yaɓe, ya ce gobe zai turo mai fenti. Wata biyu ke nan goben ba ta yi ba."

"Wata uku," in ji Noemí, tana zuba salak. "Kullum na shigo sai raina ya ɓaci. Baba, in gwiwarka ta bar ka, don Allah ka rufe mana shi. Akwai ragowar fenti a baranda."

Zelik ya kalli wurin. Yanzu da aka faɗa, sai ya ga abin da kowane ɗan koyo zai gani tun daga bakin ƙofa: tabon danshi a kusurwar ƙasa, da sabon siminti mai duhu. Shekara sittin yana karanta bango. Wannan bai karanta ba.

"To," in ji shi.

"Za ka ce wani abu ɗazu?"

"A'a. Naman ya yi."

Da safe suka fita aiki. Ya shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa, ya sauke agogo da hoto. Ya goge wurin da takardar yashi har ya yi santsi, ya cike ƙananan ramuka, ya bari ya sha iska. Fentin barandar ya yi kauri, ya tace shi da tsohuwar safa. Farin bai zo ɗaya da na bangon ba, don na bangon ya sha hayaƙin kicin, saboda haka ya shafe bangon gaba ɗaya, daga kusurwa zuwa kusurwa. In za a rufe abu, a rufe shi yadda ko mai shi ba zai gane wurin ba. Haka yake yi wa masu waken soya, ba zai yi wa 'yarsa ƙasa da haka ba.

Bai ji haushinta ba. Wannan ne ma ya fi gajiyar da shi. Ba ta yi masa ƙarya ba, ba ta yi masa alkawari ba. Shi ya zo da yunwarsa ya ga abinci a bangon mutane.

Ya wanke buroshi, ya haɗa jakarsa. Akwai bas ƙarfe biyar. Ya rubuta a takarda cewa kaji suna bukatarsa, ya ajiye a kan tebur, ya zauna ya ɗan miƙe ƙafa kafin lokaci ya yi.

Ƙarfe uku da rabi ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Noemí ce, da farar rigar kantin magani a jikinta, tana haki. Ta tsaya tana kallon bangon. Fari tas, yana ƙyalli, ba ka ce an taɓa fasa shi ba.

"Kawu Motl ya kira ni a wurin aiki," in ji ta. "Wai yana tambaya ko in aiko mota a kwashi kayanka, ko shi ya turo. Wai Allah ya yi mini albarka da na bar taga." Ta juyo. "Wace taga, Baba?"

"Motl bakinsa ba ya rufuwa."

"Ka ɗauka ni na bar shi?"

"Kuskure ne. Tsufa."

"Shi ya sa ka ci knishe uku? Shi ya sa ka ce gishiri ya yi?" Ta ɗaga murya da faɗa. "Ni ina can ina murna wai ubana ya fara sona, ashe aikin mai gyaran famfo kake so!"

"Noemí."

"Me ya hana ka tambaye ni? Baki gare ka! Kwana huɗu kana gidana!"

"In na tambaya, sai ki ba ni amsa."

Ta ga jakar a bakin ƙofa, ta ga takardar. Ta karanta, ta dunƙule ta a hannu.

"Kaji," in ji ta. "Kajin da ka ce a cinye."

Ta ja kujera ta zauna, ba kusa da shi ba. Ƙamshin fenti ya cika falon. Daga ƙasa ana jin motoci.

"Ka san na tsani abin nan tun ina yarinya? Ƙawayena in sun zo sai su ce, gidan mai fenti guda ba a gama fenti ba. Mama tana goge gida kamar za ta cire masa fata, amma ga rami a tsakiyar falo. Komai sai Mashiyah ya zo. In ya zo za mu huta, in ya zo za mu yi dariya. Baba, ba wanda zai zo. Ni dai ban yarda ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba."

"Akwai ranakun da ni ma ban yarda ba."

Ta ɗago kai. "Kai?"

"Da yawa. Tun da uwarki ta tafi, sun fi yawa."

"To don me?"

Ya daɗe yana tausa gwiwa. Ba mutumin bayani ba ne, kuma ya gaji.

"In na shigo gida na ga bango ya cika sumul, sai in ji kamar an ce mini shi ke nan, an gama. Haka duniyar za ta tsaya. Bluma a ƙasa, garinmu ba kowa, ni da ke minti huɗu ran Juma'a. Wurin nan da ake bari, shi kaɗai ne yake cewa a'a, da saura. Ni ban iya faɗa da baki ba. Sai in zana kurciya."

Noemí ta tashi ta shiga kicin, ya ji tana buɗe aljihun tebur tana rufewa da ƙarfi. Ta fito da wuƙar yanka burodi.

"Nuna mini inda yake. In kankare."

"Ajiye wuƙar nan."

"Ba abin da kake so ke nan ba?"

"Ba don tausayi ake barinta ba. Kuma ba don tsoho kada ya hau bas ba. Mai gida ne yake bari, da niyyarsa, bayan ya yi tunani. Ga mijinki ma ba ki tambaye shi ba, bangonsa ne shi ma."

"Osvaldo? In na ce a cire bangon gaba ɗaya cewa zai yi iska za ta fi shigowa."

Dariya ta so ta kuɓuce masa, ya danne.

"Ko ma dai mene ne, ba a taɓa ɗanyen fenti. Za ki yi kaca-kaca da aikina. Sai ya bushe har ciki."

"Kwana nawa?"

"A Kolonia, uku. A wannan danshin naku na bakin kogi, mako guda. Ko fiye."

"In ya bushe kuma na ce ba na so fa?"

"Sai ki ce ba kya so."

"Ka tafi ke nan?"

"Ban sani ba, Noemí. Wallahi ban sani ba."

Ta ajiye wuƙar a kan jarida. Ta kalli agogon da ke kwance a kan kujera, shi ma ya kalla. Huɗu da kwata. In zai sami bas ɗin, yanzu ne zai tashi. Ya dafa hannun kujera, ya ji nauyin jikinsa gaba ɗaya, da sa'a biyar ɗin da ke jiransa a hanya, da gidan da zai buɗe ba kowa.

"Wa zai duba ko ya bushe?" in ji ta. "Ni ban iya ba. Yatsa zan dangwala in ɓata."

"Ba da yatsa ake dubawa ba. Da bayan hannu."

"Ka gani."

Ta ɗauki jakar, ta wuce da ita ɗakin yara. Bai hana ta ba. Daga can ta ɗaga murya ta ce kada ya kuskura ya rataya agogon nan da kansa, Osvaldo zai yi in ya dawo.

"Kada wanda ya rataya komai," in ji shi. "Ku buɗe tagogi dai, iska ta shiga."

Ta fito ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Hayaniyar titi ta cika falon. Zelik ya sunkuya a hankali ya fara kwance igiyar takalminsa.